Akori-kura a Gaban Alƙalan Asali

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2013, dubban mutane suka yi dafifi a wani fili da ke gefen ƙaramin garin Pierce, a jihar Nebraska ta Amurka. Gwanjo ake yi. Wani dillalin motocin Chevrolet mai suna Ray Lambrecht, wanda ya yi wannan sana'a daga 1946 har zuwa 1996, yana da wata ɗabi'a tasa: motar da ta yi kwantai ba ya karyar da ita, sai ya ajiye abarsa. Da shekaru suka tura, ajiyar ta kai motoci kusan 500, wasu a cikin rumfa, wasu a fili ciyawa ta rufe su. A cikinsu akwai wata akori-kura ƙirar Cameo ta 1958, wadda ma'aunin tafiyarta bai kai ko mil biyu ba. Shekara 55 tana zaune, ƙura ta lulluɓe ta, ba ta taɓa ɗaukar ko buhu ɗaya ba. An sayar da ita dala 140,000.

Wanda ya biya wannan kuɗi ya san sarai cewa da abin da bai kai rabinsa ba zai sami sabuwar akori-kura dal, mai sanyi, mai ƙarfin da ya ninka na wannan. Shaida ya saya. Kowane noti na motar yana nan inda ma'aikacin kamfani ya ɗaure shi, kowane ɗigon fenti yana inda ya faɗa. A wurin masu farfaɗo da tsofaffin motoci domin shiga gasa, irin wannan mota ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi, domin sana'arsu kacokan a kan kalma ɗaya ta rataya, wato asali.

Bahaushe ya san nauyin wannan kalma tun kafin mota ta tako ƙasarsa. Idan za a ba da aure ana binciken asali: ɗan wane ne, jikan wane ne, daga wane gida ya fito. Amma dattijon kirki ba ya tsayawa a nan. Zai tambayi hali, da sana'a, da yadda mutumin ya zauna da jama'a. Alƙalan gasar tsofaffin motoci tambayar farko kaɗai suke yi, kuma sun ƙware a kanta ƙwarewa mai ban tsoro.

Babbar ƙungiyar masu wannan sha'awa a Amurka, wadda aka fi sani da AACA, an kafa ta a 1935, kuma cibiyarta tana garin Hershey a jihar Pennsylvania, inda ake babban taro duk watan Oktoba. Motar da ta kai shekara 25 ta isa shiga. Ana ba kowace mota maki 400 tun kafin a dube ta, sa'an nan alƙalai su kewaye ta suna ragewa: wannan ya duba jiki, wannan ya leƙa ciki, wannan ya buɗe bonet, wannan ya durƙusa ya duba ƙarƙashi. Abin da suke nema shi ne motar ta kasance yadda dila zai iya miƙa ta ga mai saye ranar da take sabuwa. Idan alƙali ya yi shakkar wani abu, mai mota ne zai kawo hujja daga takardun kamfani. Ka ga kenan a wannan fage asali rana ɗaya ce tak. Duk abin da ya sami motar daga washegarin wannan rana, aibu ne da za a cire masa maki.

A ɗauki misalin Chevrolet 3100, akori-kura mai ɗaukar rabin tan, cikin jerin da kamfanin ya ƙera daga tsakiyar 1947 zuwa farkon 1955. Ga wanda bai sani ba duk kamarsu ɗaya: goshi mai tudu, kumatu zagayayyu, haƙoran gaba a kwance. Ga masani kuwa kowace shekara da tambarinta. A 1948 aka ɗauke sandar giya daga ƙasa aka mayar da ita jikin sitiyari. A 1949 tankin mai ya koma bayan kujera, a cikin ɗakin direba. A 1951 aka ƙara ƙananan tagogin shan iska a ƙofofi. A 1952 mariƙin ƙofa ya zama na dannawa maimakon na murɗawa. Gilashin gaba rabe yake gida biyu har zuwa 1953, sai a 1954 ya zama falle ɗaya. Mutum na iya kashe shekaru da dukiya a kan motar 1952, ya liƙa mata ƙofar 1950 mai kyau, ras da ita, alƙali ya hango kuskuren tun daga nesa.

Aikin kansa ba na mai gaggawa ba ne. Ana kwance motar kaf, a ɗauke bodi daga kan shasi, a ɗauki hoton kowane sashe kafin a taɓa shi, a zuba ƙusoshi a ƙananan jakunkuna ana rubuta inda aka ciro kowanne. A kankare tsatsa da feshin yashi. Inda ruɓa ta ci ƙarfe, galibi kusurwoyin ɗakin direba da daɓen ƙafa, a yanke a yi waldar sabon falle. A sauke injin mai silinda shida, a wanke, a auna, a mayar. Sa'an nan farauta ta soma: neman kayan da kamfani ya ƙera tun wancan zamani amma ba a taɓa ɗaura su a mota ba, suna nan cikin kwalinsu a wani tsohon shago. Har kan ƙusa ana dubawa, domin motocin wannan kamfani na lokacin suna da wani irin sukuru mai rami kamar ƙugun turmi, wanda sai da maɓallinsa na musamman yake kwantuwa. Wanda ya sa sukurun kanti a gurbinsa ya bar wa alƙali ƙofa a buɗe.

Duk wannan wahala ce ta jiki da aljihu, kuma mai haƙuri yana cin ta. Jarrabawar da ta fi kayar da mutane daban take. Ita ce ta kame hannu. Akori-kura ba motar ado ba ce tun fil'azal. Manomi aka yi wa ita, da magini, da mai kai madara gari. Daɓen akwatin bayanta katakon fain ne mai araha, kuma baƙin fenti kamfani ya shafa masa. Amma je ka wurin baje kolin motoci a yau, za ka ga daɓe na katakon oak, an goge shi an zuba masa man sheƙi har kana ganin fuskarka, an jera masa ƙarafa masu walƙiya. Ya fi kyau, babu musu. Sai dai babu wata akori-kura da ta taɓa fitowa daga kamfani da shi. Haka zancen ƙyalli yake. Lokacin yaƙin Koriya, wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953, an taƙaita amfani da wasu ƙarafa a masana'antun Amurka, saboda haka motocin 1952 da 1953 suka fito da fenti a wuraren da aka saba ganin kurom. Mai farfaɗo da motar 1952 da ya ƙawata mata haƙora da kurom ya goge sawun yaƙi guda daga fuskarta. Garin neman gira ya rasa ido.

Jerin abubuwan da zuciya ke raya wa mai gyara yana da tsawo. Wutar motar ta bolt shida ce, fitilunta dishi-dishi, ga ta bolt goma sha biyu nan a sauƙaƙe. Fitilar baya ɗaya ce, a gefen direba, ta biyun sai wanda ya ƙara kuɗi. Magogin gilashi da zuƙar iskar inji yake aiki, shi ya sa yake yin sanyi daidai lokacin da direba ya taka totur yana hawan tudu cikin ruwan sama. Tayoyin zamanin ba su riƙe hanya kamar na yau. Injin da ya gaji na 1952 ya fi shi ƙarfi da lafiya, ga shi kuma yana zama daram a gurbinsa, har sai mai ido ne zai bambance su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye gyara ne a ma'anar da kowa ya sani, domin yana sa mota ta fi amfani. Amma a gaban alƙalan asali kowannensu ɓarna ne. Wuri ne da gyara da ɓatawa suka yi musayar riga.

Wasu sun kai wannan aƙida maƙura. Ƙungiyar masu farfaɗo da motar Corvette, wadda aka kafa a 1974, tana rage maki idan aiki ya fi na kamfani kyau. Saboda haka za ka ga gwanin mai fenti, wanda hannunsa zai iya fitar da jiki sumul kamar madubi, yana wahalar da kansa wajen kwaikwayon gurji-gurjin fentin kamfani. Yana barin feshi ya tsallaka inda ya tsallaka wa ma'aikacin da ke sauri shekaru sittin da suka wuce. Yana sake zana alamun alli da masu duba aiki suka yi a jikin shasi. Abin da a wancan lokaci sakaci ne ko gaggawar tashi daga aiki, yau ya zama farilla da ake bincike a kanta. Akwai abin dariya a ciki, amma akwai abin girmamawa kuma: mutum ya danne gwanintarsa don kada ya yi wa wanda ya riga shi ƙarya. Ita AACA ta zaɓi tsaka-tsaki, ba ta ƙara maki don an wuce kamfani a kyau, ba ta kuma ragewa.

To amma ko an yi duk wannan daidai, wata tambaya tana nan a tsaye. An canja daɓe, an canja kumatu, an canja gilashi da wayoyi da kujera, an yi sabon fenti. Me ya rage na motar da ta fito daga kamfani? Tambayar ta girmi mota da shekaru dubu biyu. Marubucin nan na Girka, Plutarch, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin nan shi ne ko ba shi ba ne. Hukuma ta yanke wa kanta hukunci mai sauƙi: mota ita ce lambar da ke jikin ƙaramin farantin ƙarfe da takardar da ta dace da ita. Kasuwa ta ƙara nata sharaɗi, tana fifita motar da lambobin injinta suka yi daidai da lokacin da aka ƙera ta. Amma kowa ya san farantin da bai kai tafin hannu ba bai isa ya ɗauki nauyin kalmar asali shi kaɗai ba.

Masu gine-gine sun riga masu motoci shiga wannan gardama. A ƙarni na 19, Bafaranshen nan Viollet-le-Duc yana ganin farfaɗo da gini shi ne a kai shi ga cikar da mai yiwuwa bai taɓa samu ba a kowane zamani. Baturen Ingila John Ruskin, a wani littafinsa na 1849, ya ɗauki wannan a matsayin mafi munin rushewa, domin ana rushe abu sa'an nan a kafa ƙarya a gurbinsa. Tarihi ya yi musu raha daga baya. Dogon tsinin majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris, wanda gobarar 2019 ta cinye, aikin Viollet-le-Duc ne, ba na magina na farko ba. Da aka tashi mayar da ginin yadda yake, tsininsa aka sake ginawa. Ƙarin da mai gyara ya yi jiya ya zama asalin da ake karewa yau.

Ra'ayin Ruskin ya daɗe kafin ya sami masauki a duniyar motoci, amma ya samu. Masu wannan ra'ayi suna da wata magana da suke yawan faɗa, cewa sau ɗaya mota take zama ta asali, in an taɓa an taɓa kenan. A wurinsu koɗewar fenti a inda direba ya saba ɗora gwiwar hannu, da lotsawar da bakin akwatin baya ya yi saboda lodi, da sunan gona da ya dushe a jikin ƙofa, su ne abin adanawa. AACA ta buɗe rukuni na musamman domin motocin da ba a sabunta ba. A gasar Pebble Beach ta jihar Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950 kuma ta yi suna wajen motoci masu ɗaukar ido, babbar kyautar 2024 ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da ba a yi wa kwaskwarima ba, da tabonta da komai. Wannan ne karo na farko da irinta ta ci.

Ga akori-kura wannan magana ta fi zama da gindinta. Motar alfarma ko ba ta yi komai ba ta cika abin da aka yi ta dominsa, tunda don a kalle ta aka yi ta. Ita kuwa akori-kura, tun daga ta farko da kamfanin Ford ya fitar a 1925 a kan dala 281, aiki ne dalilin zuwanta duniya. Ranar da alƙalai suka tsayar a matsayin asalinta ita ce rana ɗaya tilo da ba ta riga ta zama abin da aka nufe ta da shi ba. Idan aka gama farfaɗo da ita kuma, sau da yawa ba ta sake taka kwalta. A kan tirela ake kai ta wurin gasa, a sauke ta a kan ciyawa, a shimfiɗa madubi a ƙarƙashinta don a ga tsabtar cikinta. Su kansu masu harkar suna yi wa irinta shaguɓe da sarauniyar tirela. Motar da aka ƙera don ta ɗauki kaya ta koma kayan da ake ɗauka.

Kada a ɗauka masu son tabo sun tsira. Da tsatsa ta yi daraja, sai aka soma ƙera ta. Akwai masu yi wa mota fenti hawa-hawa su goge wasu wurare don ya yi kamar rana ce ta cinye shi, su rubuta sunan shagon da ba a taɓa yi ba a jikin ƙofa, su dusar da shi, sa'an nan su rufe duka da man sheƙi don kada tsufan ya ci gaba. Wancan ya ƙirƙiro ƙuruciyar da ta wuce ta gaskiya, wannan ya ƙirƙiro wahalar da ba a sha ba. Duk inda kalma ta soma kawo kuɗi, jabunta na nan tafe.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan zance, ko da yake ba mu da fili mai ciyawa da alƙalai masu allo. Dillalin mota a Kano ko Kaduna idan ya ce maka fas bodi ce, fentin kamfani ne, ba a taɓa buɗe injinta ba, maganar masu adana tabo yake yi, kuma ya san tana ƙara farashi. Mai sayar da kayan gyara idan ya ware maka janyuwin daga jabu, maganar alƙalan Hershey yake yi. Sai dai tsofaffin Fijo 404 da 504 akori-kura, waɗanda suka cika hanyoyinmu musamman bayan an soma harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, wata rayuwa suka yi daban. Bakanike ya ƙara musu sifirin don su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu, mai walda ya ɗaga musu keji, mai fenti ya rubuta musu karin magana a baya. A gasar Amurka da wuya su tsira da rabin maki. Amma a garejinmu mota ta gyaru ne idan ta tashi ta koma bakin aiki, kuma wannan ma amsa ce ga tambayar mece ce ainihin akori-kura.

Da haka za a ga cewa kalmar asali ɗaya ce amma tambayoyi uku take yi. Shin ƙarfen nan shi ne wanda ya fito daga kamfani? Shin siffar nan ita ce wadda kamfani ya fitar? Shin abin da ya sami motar a rayuwarta yana nan ana karanta shi a jikinta? Babu tsohuwar motar da ta yi aiki da za ta amsa ukun da i. Wanda ya sabunta ya riƙe siffa ya saki ƙarfe da tarihi. Wanda ya adana ya riƙe ƙarfe da tarihi, yana kallon siffa tana zagwanyewa a hankali. Wanda ya ci gaba da lodi ya riƙe manufa ya saki sauran. Kowannensu ya yi hasarar wani abu, kuma babu laifi a cikin hakan. Laifin yana farawa ne lokacin da mutum ya zaɓi ɗaya, ya bar mai saye ko mai kallo ya zaci duka ukun ya samu.

Shi ya sa a ganina abin da ya fi kofi daraja a wannan sana'a shi ne kundin da ke tafiya tare da mota. Tarayyar ƙungiyoyin tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da wata yarjejeniya mai ɗauke da sunan birnin Turin na Italiya, wadda ta soma aiki a 2013. Ta bambance adanawa da sabuntawa, ta amince cewa sauye-sauyen da mota ta samu lokacin da take aiki suna cikin tarihinta, ta kuma nemi a rubuta duk abin da aka yi mata. Wannan shi ne abin da mai gaskiya zai iya yi: ya ce wannan kumatu na kamfani ne, wancan na sake shi, daɓen nan sabo ne amma irin katakon farko ne, lotsawar nan na bar ta da gangan. Mota mai irin wannan kundi ko ta rasa maki goma a hannun alƙali, wanda zai gaje ta bayan shekara hamsin zai san abin da ke hannunsa, ya kuma san daga inda zai ɗora nasa aikin.